Tashoshin motar Dakar: wace mota ce ke zama a tsakiyar gari, wace ce ke fita?

Duk birnin da ya tashi gina sabuwar tashar mota, gardama ɗaya ce ke fara tasowa: a bar ta a tsakiyar gari kusa da kasuwa, ko a kai ta bayan gari inda akwai fili? Dakar, babban birnin ƙasar Senegal, ta yi duka biyun. A shekarar 2014 ta fitar da motocin dogon zango daga cikin gari, sannan bayan shekaru goma ta mayar da tsohuwar tashar Petersen da ke tsakiyar gari matattarar sababbin bas-bas na cikin birni.

Yanayin birnin

Dakar na zaune ne a kan wani tsibiri mai haɗe da tudu da ake kira Cap-Vert, teku ya kewaye shi ta ɓangare uku. Fadar shugaban ƙasa da ma'aikatun gwamnati da bankuna da kasuwar Sandaga duk suna unguwar Plateau, can ƙarshen bakin ruwa, kusa da tashar jiragen ruwa. Jama'a kuwa yawancinsu na kwana a gabas, a Pikine da Guédiawaye da Rufisque. Jihar Dakar ba ta wuce murabba'in kilomita 550 ba, amma tana ɗauke da mutane wajen miliyan 4, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar. Kowace safiya jama'a su yi yamma, da marece su yi gabas, duk ta ƴar siririyar hanya guda.

Daga Pompiers zuwa Baux Maraîchers

Shekara da shekaru, mai son zuwa Thiès ko Kaolack ko Touba ko Saint-Louis sai ya je tashar Pompiers, wadda ta samo sunanta daga barikin ƴan kwana-kwana da ke kusa da ita, a mashigar Plateau. Nan ake lodin motocin Fijo masu ɗaukar mutum bakwai, da fararen motocin Marsandi da ake kira Ndiaga Ndiaye, da manyan bas. Ma'anar haka ita ce motar da za ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita sai ta fara ratsa cunkoson birnin gaba ɗaya ta shiga, ta yi lodi, ta sake ratsa shi ta fita.

Sabuwar tashar Baux Maraîchers da ke yankin Pikine, wajen kilomita goma daga tsakiyar gari, ta fara aiki a watan Agustan 2014, zamanin shugaba Macky Sall. Wurin yana bakin manyan hanyoyin fita daga birni, kuma shekara guda kafin nan aka buɗe babbar hanyar da ake biyan kuɗi a bi, wadda ta haɗa Dakar da Diamniadio. Ga direba wannan sauƙi ne, domin da ya cika mota sai ya kama hanya.

Fasinja ne lissafin bai yi wa daɗi ba. Mazaunin Medina ko Plateau da a da yake isa tasha da ƙafa ko da ƴan kuɗi kaɗan, yanzu sai ya biya taksi ko ya yi ta fama da kaya cikin ƙaramar bas kafin ma ya fara tafiyar da ta fito da shi. Inda fasinja ya ƙi zuwa, mota ce ke bin sa. Haka wuraren lodi na bayan fage suka ci gaba da aiki a unguwanni, direbobin da suka bi doka suka koma sabuwar tasha kuma suna ta kukan ana kwashe musu fasinja tun kafin ya iso. Ba taurin kan jama'a ba ne kawai: an ɗauke tashar kafin a tanadi abin da zai kai mutane gare ta.

Wannan giɓi ya ɗauki shekaru bakwai. Sai a watan Disamban 2021 jirgin ƙasa na zamani da ake kira TER ya fara zirga-zirga tsakanin Dakar da Diamniadio, tafiyar kilomita 36, kuma ɗaya daga cikin wuraren tsayawarsa na Baux Maraîchers ne. Daga nan ne mutum ya samu damar fitowa daga tsakiyar gari ya isa tashar ba tare da ya shiga cunkoson titi ba.

Petersen

Tashar Petersen ba ta bar tsakiyar gari ba, domin aikinta daban ne. Masu amfani da ita ƴan kasuwa ne da ma'aikata da ɗalibai da ke zuwa Plateau kullum su koma gida. Fitar da irin wannan tasha bayan gari ba shi da ma'ana, tunda tsakiyar garin shi ne inda suke son zuwa. Abin da aka sauya shi ne irin motar da ke shiga da yadda take shiga.

A nan ne layin bas ɗin BRT ya fara. Tsawonsa kilomita 18 da ƴan kai, daga Petersen zuwa Guédiawaye, da tashoshi 23, uku daga cikinsu manyan wuraren sauya mota ne: Petersen, Grand Médine da Guédiawaye. An ƙaddamar da shi a watan Janairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a watan Mayu. Bas-bas ɗin na aiki da lantarki, suna da hanyarsu ta kansu da aka ware a tsakiyar titi. Lissafin masu tsara aikin shi ne tafiyar da ke cin minti 95 ta dawo minti 45. Hukumar CETUD, wadda aka kafa a 1997 don tsara sufurin Dakar, ita ce ta jagoranci aikin, Bankin Duniya da bankin zuba jari na Turai suka sa kuɗi a ginin.

Bambancin da ya fi muhimmanci a nan shi ne na lokaci. A tsohon tsari mota ba ta tashi sai ta cika, don haka tasha ke buƙatar makeken fili na motocin da ke jiran layi, da ƴan kamasho da masu gyara da masu sayar da abinci kewaye da su. Bas mai tashi a kan ƙa'idar lokaci kuwa, ya sauke, ya ɗauka, ya wuce. Fili kaɗan na iya ɗaukar jama'a mai yawa, abin da ya sa tasha irin wannan ke iya zama inda ƙasa ta fi tsada. Sai dai waɗanda ke cin abinci daga dogon jiran nan, masu tebur da masu talla da ƴan kamasho, su ne farkon waɗanda sauyin ke taɓawa, kuma biyan diyya da sama musu wani wuri na cikin sharuɗɗan da Bankin Duniya ke gindayawa a irin waɗannan ayyuka.

A Nijar lamarin ya ɗauki wani salo. A Yamai akwai tashar Wadata ta motocin haya, amma manyan kamfanonin bas irin su Rimbo da STM da Al Izza kowanne na da tasharsa cikin unguwanni, haka ma a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Duk ma'aikatar magajin garin da ta so tara su wuri guda za ta tarar da tambayar da Dakar ta sha fama da ita tsakanin 2014 da 2021: wace mota ce za ta kai fasinja da kayansa sabuwar tashar da asuba, lokacin da bas-bas ke tashi, kuma nawa zai biya?