Wa Ke Da Lungu? Tarihin Gyaran Layukan Unguwa a Birnin Gwari da Maƙwabtanta

Shekara da shekaru, in aka tayar da zancen hanya a Birnin Gwari, babbar hanyar Kaduna ake nufi, wadda ta bi ta Buruku da Udawa, ta ratsa daji, ta nufi Tegina a Jihar Neja. Ita 'yan bindiga suka addaba, ita ake ji a labaran rediyo, kuma a kanta 'yan siyasa ke ɗaukar alkawari duk lokacin zaɓe. Hanyar Funtuwa ke bi mata a suna. Dukansu biyu na gwamnatin tarayya ne, kowa ya san ƙofar da zai kai kuka, ko da ba za a share masa hawaye ba.

Akwai kuma wata hanyar da ba ta shiga labarai, alhali mutumin gari ya fi taka ta: layin ƙofar gidansa. A watan Agusta, in sama ta saki ruwa, indararon gidan dama da na hagu duk tsakiyar layin suke zuba. Rariyar kowane gida tana ƙara nata ruwan wanki da wanke-wanke. Kafin damina ta fita, tsakiyar layin ta zama kwazazzabo, gindin katangu ya zaizaye, an jera duwatsu da buhunan yashi ana tsallakawa. Mai adaidaita sahu ya ce a bakin titi zai tsaya. In mace ta fara naƙuda cikin dare, sai an tallabo ta zuwa inda mota ta iya kaiwa.

Wannan layin ma yana da tarihi, kuma tarihin nasa shi ke nuna yadda aka yi ya rasa mai shi.

Magabatan da suka gina biranen ƙasar Hausa ba kuskure suka yi ba da suka matse lungu. Gari cikin ganuwa yake, fili na da tsada, kuma dole a bar wani sashe na noma da kiwo saboda ranar da abokan gaba za su kewaye gari. Abin da ake buƙata shi ne jaki da mangalarsa ya wuce, doki ya wuce, a iya fitowa da makara. Lungu mai lanƙwasa yana ba da inuwa, yana karya iska, yana kuma rikita baƙon da ya shigo da mugun nufi. Ruwan sama kuwa yana da masauki: kududdufin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar ginin unguwar, nan ruwan unguwar ke komawa. Duk wanda ya san tsohon birnin Kano ko Zariya ko Katsina ya san waɗannan kududdufai, ya kuma san abin da ya biyo bayan cike su da shara da gina shaguna a kansu.

Gyara kuwa ba ya jiran takarda. Kowane magidanci shi ke da alhakin ƙofar gidansa, ya share, ya cike rami, ya yi yaɓen katanga kafin ruwa ya sauka. Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, mai unguwa ya kira gayya: samari su fito da fartanya da kwanduna, a yi kiɗa, mata su dama kunu. Wanda ya noƙe, maganar mutane ta ishe shi horo. In wani ya turo dakalinsa ko ya fito da katanga ya ci hanya, a gaban mai unguwa ake warwarewa, in ta gagara a wuce wurin dagaci ko hakimi.

Zuwan Turawa ya kawo sabon mai hannu a cikin lamarin, wato En'e. Birnin Gwari na cikin ƙasashen da aka sa a Lardin Zariya amma ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba, kamar Kagoro da Jaba da Marwa, don haka tana da tata hukumar gargajiya. Haraji da jangali su ke cika baitulmali, daga nan ake biyan dogarai da malaman ofis da leburorin hanya. Sai dai hanyar da ta dami Bature ita ce mai fitar da auduga da gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa, musamman bayan layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920. Irin waɗannan hanyoyi da aikin tilas aka share da yawansu. A nan ne gayya ta fara ɓata suna, domin abin da mutane ke yi don kansu ya koma abin da dogari ke kora su su yi.

Cikin unguwa kuwa, wakilin hukuma da aka fi sani shi ne duba-gari. Yana shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya bi rariya ya ga inda take zuba. In ya tarar da ruwa kwance, sai tara. An tsane shi ƙwarai, amma dattawa har yau suna cewa a zamaninsa kwata ba ta kwana a toshe. Tsara gari da faffaɗan tituna, wanda Dokar Garuruwa ta Lugga ta 1917 ta tanada, unguwannin Turawa da Sabon Gari ya shafa. Garuruwan 'yan ƙasa an bar su yadda aka same su.

Birnin Gwari ta samu wata dama da Kano da Zariya ba su samu ba: ta tashi. Tsohuwar Birnin Gwari tana nan a kan hanyar Funtuwa, garin da ke da fada da sakatariya a yau kuwa a bakin babbar hanya ya zauna. Maraɗi ma haka ta yi. Bayan ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, Faransawa suka mayar da shi kan tudu, suka ja layuka miƙaƙƙu masu faɗi da ake gani har yanzu. Amma tsarin farko iyakarsa inda aka auna. Da gari ya ci gaba da girma, sai mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar, kuma kowace ƙafa da ya bar wa hanya asara ce a wurinsa. Ta haka sababbin unguwanni a garuruwan Arewa suka gaji matsin tsohon lungu ba tare da kududdufinsa ko ikon mai unguwarsa ba.

A 1976 gwamnatin soja ta sake fasalin ƙananan hukumomi a duk faɗin Najeriya, En'e ta kau, ciyaman da kansiloli suka karɓi aiki, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Shekara biyu bayan haka Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, Gwamna Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, don an sha zaluntar su da sunan haraji. Sai dai daga nan ƙaramar hukuma ta daina kallon aljihun mutanen gari, ta koma jiran kason wata-wata daga sama. Wanda ba ya karɓar kuɗinka kuwa, da wuya ya ji kunyar ƙorafinka.

Gwamnatocin soja sun yi ta kawo nasu magani. A zamanin Buhari da Idiagbon aka fito da tsaftar muhalli ta dole, kowa ya yashe kwatar ƙofar gidansa ko ya sha tsallen kwaɗo. Babangida ya kafa DFRRI a 1986 don hanyoyin karkara, aka baza gireda ana kankare hanyoyin ƙauyuka, yawancinsu damina biyu ta cinye. Asusun PTF, wanda aka kafa a 1994 aka rushe a 1999, ya shimfiɗa kwalta a titunan cikin garuruwa da dama. Duk daga sama suka zo, kuma da suka tafi ba su bar wa kowa kuɗin kulawa ba.

A takarda dai babu ruɗani. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina tituna da layuka da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, da kula da su, cikin ayyukan ƙaramar hukuma, har da raɗa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba. Kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya na ƙananan hukumomi 774 ne. Amma sashe na 162 na wannan tsarin mulkin ya ce kuɗin su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, kuma abin da gwamnoni suka riƙa yi da wannan asusu ba ɓoyayye ba ne. In an biya albashin malaman firamare da ma'aikata, abin da ke saura ba ya sayen tifar marmara masu yawa. Ga ƙaramar hukuma irin Birnin Gwari, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, da mutum sama da 250,000 tun ƙidayar 2006, ɗan abin da ya rage ɗin ma Dogon Dawa da Kuyallo da Randagi da Kakangi duk suna da haƙƙi a ciki.

To, da me ake gyara matsattsen layi in an samu kuɗin? Abin da mazauna suka fi roƙo shi ne kwalta, domin ita ce alamar an ci gaba. Amma kwalta na son fili da injin daddanna zai juya, ba ta kuma jituwa da kwantaccen ruwa, balle ruwan sabulu mai fitowa daga rariya kullum. A shimfiɗa ta babu lambatu, cikin 'yan shekaru ta farfashe. Faɗaɗa layin kuwa rusau ke nan. Shirin sabunta birane da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa manyan tituna a Kaduna da Zariya da Kafanchan, da kuɗin da babu ƙaramar hukumar da za ta iya mafarkinsu, kuma an sha rigima kan diyya. Dokar 1978 ginin da ke kan fili take biya, ba filin ba. A unguwar da gida ɗaya magada goma ke da shi, cire mita guda daga gabansa na nufin rushe zaure, wani lokacin har da ɗakin tsohuwa.

Kano ce ta gwada hanyar da ta fi dacewa da lungu. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an bi lungunan birni ana shimfiɗa bulon intalok, a shirin da aka yi wa laƙabi da Lungu Kal-Kal. Aikin ba ya buƙatar katafila. A daddanne marmara, a baza yashi, a jera bulo da hannu, a ɗaure gefe da kankare. Magina da leburorin unguwa su ke yi, kuma in bututun ruwa ya fashe sai a ɗaga bulon a gyara a mayar. A Nijar ma an daɗe ana shimfiɗa irin wannan dutse a titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram, saboda yana ba matasa aikin yi. Rauninsa ɗaya ne: in ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashi ya kwashe yashin, bulon ya fara rawa, sai ya lotsa. Inda aka yi kwata mai kyau kuma mutane suka ci gaba da yashe ta, aikin ya daɗe. Inda aka mayar da kwatar bola, ya lalace. Gwamnatin Kwankwaso ce kuma ta ɗauko aikin titin kilomita biyar a hedikwatar ƙananan hukumomi, da yawa ba a kammala ba har wa'adinta ya ƙare. Ƙaramin aikin ya fi babban isa ƙofar talaka.

Birnin Gwari tana da nata ƙarin nauyi. Ruwan saman da take samu ya fi na Kano, don haka zaizayar ta fi tsanani. Shekarun tashin hankali kuma sun koro dubban mutane daga ƙauyuka zuwa cikin gari, gidan da aka gina don iyali ɗaya ya ɗauki uku, ruwan da rariya ke fitarwa ya ninka. Ba wanda zai zargi shugaban da ya ajiye zancen kwalbati a lokacin da ake binne mutane. Amma tun daga ƙarshen 2024, da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla sulhu aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, motoci sun dawo, kuɗin shiga na kasuwa ya fara motsi. A ranar 11 ga Yulin 2024 ne kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa.

Abin da ya rage wa ciyaman da kansilolin mazaɓun Magajin Gari bai kai girman hanyar Kaduna ba. Su zauna da masu unguwanni ƙarƙashin fadar Mai Martaba Sarki Zubairu Jibril Maigwari II, a bi layukan garin ɗaya bayan ɗaya a cikin damina, a ga inda ruwa ke fitowa da inda yake son zuwa. A fara da kwata da kwalbati kafin a yi zancen shimfiɗa. Hukuma ta kawo siminti da marmara da injiniya, unguwa ta kawo hannu, a kuma rubuta sunan wanda zai riƙa yashewa. Sannan a hana yanka sabon fuloti sai an auna hanyar da mota biyu za su gifta, tun kafin a aza tubalin farko.