Sakata, Kwaɗo da Lakile: Tarihin da ke Rataye a Ƙofarmu

Ƴan'uwana ɗalibai, duk mai son sanin mutanen da Bahaushe ya yi hulɗa da su, ya shiga kasuwar Katako a nan Yamai, wajen masu kayan gini, ya tambayi sunayen abubuwan da ake rufe ƙofa da su. Kowane suna da hanyar da ya biyo.

A da, tufaniya ko asabari ake saki a bakin ɗaki, mai ƙyaure kuma ya tokare shi da icce. Da ƙarfe ya hau ƙofa, sai aka nemi sunaye.

Mu fara da sakata. Daga Larabci muka aro ta: saƙƙaɗa, wadda ta fito daga saƙaɗa, wato "ya faɗi", don ƙarfen faɗawa yake yi cikin mazauninsa. Mutanen Ingila na ce wa irin wannan ƙarfe latch, daga læccan na tsohon Ingilishi, ma'ana "kama" ko "cafke". Kun ga? Abu ɗaya ne, Balarabe ya ga faɗuwa, Bature ya ga kamu.

Makulli da mabuɗi kuwa ƙirar gida ce. Ka ɗauki aikatau, ka sa ma- a gaba, -i a ƙarshe: kulle ya ba da makulli, buɗe ya ba da mabuɗi, kamar yadda rufe ya ba da marfi.

Sai kwaɗo, wanda ya fi burge ni. Bafaranshe ya ce cadenas, kalmar da ke komawa ga catena, "sarƙa" a Latin. Mu ba mu aro ba. A ganina, wani ne ya dubi ɗan ƙarfen nan a dunƙule, ya ce wallahi wannan kwaɗo ne, sunan kuwa ya bi shi.

Lakile fa? Nan wasu ke tsuke fuska, wai gurɓatacciyar Hausa ce. Gaskiya la clé ne muka haɗiye har da "la" ɗinsa, kamar lakkol. Amma ai haka kakanninmu suka yi wa "al-" na Larabci: al-kitab ya zama littafi, al-khabar ya zama labari, al-waƙt ya zama lokaci. Wa ke ce musu baƙi yau?

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ke nan aikin samar da kalmomin ofis, kotu da makaranta zai faɗo kan mu da muke karatun harshe. Kafin mu zauna ƙirƙira, mu lura cewa maƙera da ƴan kasuwa sun riga mu: sun aro, sun ƙera, sun laƙaba. Kalmar da ba ta shiga bakin mai sayen kwaɗo a Katako ba, cikin ƙamus za ta tsufa.