Dariyar da Ba Ta Tsufa: Nazari a Kan Tsoffin Finafinan Barkwanci

Mai nazarin finafinai yakan ci karo da wani abu mai ɗaure kai idan ya juya ga barkwanci. Fim ɗin da aka yi shekara ɗari da ta wuce, babu magana babu launi, sai a kunna shi a gaban yara a Kano ko Damagaram su yi ta ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki. Wani kuma da ya cika gari shekara ashirin kacal da suka wuce, yau in an saka shi sai a yi ta kallon juna, wani ma ya tashi ya bar wurin. Da tsufan na'ura ne matsalar, ai da na farkon ne zai riga mutuwa. Hujjar wannan maƙala ita ce, tsawon ran barkwanci yana ga abin da ya jingina da shi. Idan ya jingina da halin da kowane ɗan Adam ke shiga, irin su yunwa da kunya da son a ga girmansa, yakan daɗe. Idan kuwa ya jingina da abin da ake yayi, ko da raina wasu mutane, to ranar da yayin ya wuce ko rainin ya zama abin kunya, ranar ce ajalinsa.

A duba fim ɗin Charlie Chaplin mai suna The Gold Rush, wanda ya fito a 1925. Mutum biyu masu neman zinariya sun maƙale a wata bukka, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, abinci ya ƙare. Chaplin ya dafa takalminsa a tukunya. Abin lura shi ne yadda ya yi hidimar: ya soka cokali mai yatsu ya ga ko ya nuna, ya goge faranti, ya ɗora takalmin, ya kwarara masa romo kamar mai girkin gidan sarauta. Abokinsa ƙato ya ƙwace saman takalmin ya bar masa tafin mai ƙusoshi. Bai yi fushi ba. Ya naɗe igiyar takalmin a cokali ya ci kamar taliya, ya tsotse kowace ƙusa ɗaya bayan ɗaya kamar ƙashin kaza. Cin takalmi shi kaɗai abin tausayi ne. Abin da ya mayar da shi abin dariya shi ne nacin mutumin a kan mutuncinsa, wato yunwa ta kai shi maƙura amma ya ƙi yarda a gane. Duk wanda ya taɓa yin baƙo alhali gidan babu cefane ya san wannan hali, ba ya buƙatar a fassara masa komai.

Bahaushe ma ya daɗe da sanin wannan tun kafin majigi ya iso ƙasarsa. Gizo na tatsuniya kullum cikin yunwa da kwaɗayi yake, kullum yana ƙulla dabarar da za ta fi ƙarfinsa, Ƙoƙi kuma tana kallonsa. An yi zuriya bayan zuriya ana ba da labarinsa bai gundure ba, domin babu zamanin da aka rasa mai kwaɗayi mai ganin ya fi kowa wayo. Masanin falsafar nan na Faransa, Henri Bergson, a littafinsa kan dariya na 1900, ya kawo bayani mai amfani a nan: muna dariya ne idan muka ga rayayyen mutum ya sandare yana aiki kamar inji, yana maimaita abu ɗaya alhali yanayi ya sauya. Chaplin ya nuna wannan ƙarara a Modern Times na 1936, inda ma'aikacin masana'anta ya ɗaure noti har hannunsa ya kasa tsayawa, ya fito titi yana neman ɗaure maɓallan rigunan mutane. Masana'antar ta tsufa, amma aikin da ke cinye mai yin sa yana nan.

Akwai kuma ƙwarewar jiki, wadda ba ta buƙatar yare. A Steamboat Bill, Jr. na 1928, gaban gida sukutum ya faɗo a kan Buster Keaton, ya tsira ne kawai saboda yana tsaye daidai inda taga take. Da gaske aka yi, ba dabarar kwamfuta ba ce, kuma mai kallo na yau yana jin haka a jikinsa.

Idan aka dawo gida, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, shi ne misalin da ya fi dacewa, domin a cikin aikinsa ana samun mai daɗewa da mai mutuwa gefe da gefe. Finafinan barkwanci irin nasa, wato camama, kamar yadda 'yan masana'antar Kannywood ke kiran su, ana yin su ne da sauri da kuɗi kaɗan, sau da yawa ba tare da rubutaccen labari mai tsauri ba, kuma kasuwa ce ke ja musu gora. Abin da gari ke magana a kai, shi ake ɗauka. Lokacin da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya mamaye Najeriya a ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, sai ga fim ɗin Ibro Awilo. Wanda ya ga zamanin yana dariya ne saboda yana riƙe da hoton asali a kansa, yana gwada shi da kwaikwayon. Yaron da aka haifa bayan 2010 ba shi da wannan hoton, don haka rabin wasan ya ɓace masa. Bergson ya lura cewa dariya tana buƙatar jama'a, wato rukunin mutanen da suka yi tarayya a sanin wani abu. Jama'ar ta watse, dariyar ta bi ta.

Amma Ibron da ake yanko guntayensa ana yawo da su a WhatsApp da TikTok har yau wani Ibro ne daban. Shi ne mai cika baki da ke neman hanyar gudu da zarar an ja daga, mai bashi da ke ƙirƙiro rantsuwa, maigidan da ke son a ji tsoronsa a gida alhali kowa ya gama gane shi. Ƙarfinsa yana ga saurin baki da sanin lokacin da ya kamata a yi shiru a zaro ido. Wannan Ibron jikan Gizo ne, kuma ina ganin zai daɗe fiye da yawancin finafinan soyayyar da aka fi kashe wa kuɗi a zamaninsa.

Nau'i na biyu na barkwancin da ke lalacewa ya fi na farko muni, shi ne wanda aka gina a kan raini. A Breakfast at Tiffany's na 1961, Bature Mickey Rooney ya fito a matsayin ɗan Japan, da haƙoran roba da karyayyen Turanci. Yau hatta masoyan fim ɗin suna jin nauyin wannan ɓangare. The Gods Must Be Crazy na Jamie Uys, fim ɗin Afirka ta Kudu da ya fito a 1980 ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, kuma aka kalla sosai a ƙasashenmu, ya haɗa fuska biyu. Wahalar da wani masanin kimiyya ke sha a fim ɗin da motarsa marar birki, yana tsalle ya buɗe ƙofar shinge motar na gangarawa, har gobe tana ba da dariya. Muryar mai sharhi kuwa, wadda ke gabatar da mutanen Kalahari kamar yara marasa sanin duniya, ta zama abin ƙyama ga mai kallon da ya san halin da baƙar fata ke ciki a wancan lokaci. Camama ma ba ta tsira daga wannan ba: sau nawa aka mayar da Bafulatani ko Bagwari ko baƙauye wawa, aka yi wasa da in'ina ko makanta don kawai a samu dariyar arha?

Wani zai ce ai tsokanar ƙabila al'adarmu ce. Gaskiya ne, akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarabawa, har UNESCO ta sanya wasan barkwancin Nijar a jerin al'adun gado na duniya a 2014. Sai dai sharaɗin wannan wasa shi ne ramuwa. Abokin wasa yana tsaye a gabanka, ka faɗa ya mayar, a rabu ana dariya, kuma kowa ya san iyakarsa. A fim babu wannan dama. Wanda aka tsokana yana zaune a gaban allo, ba shi da bakin mayarwa, kuma za a maimaita zagin duk lokacin da aka kunna. Da zarar masu kallo sun fara jin abin daga ɓangarensa, wasan ya mutu. Wannan ne ya sa barkwancin da mai yin sa ya ɗora wautar a kansa, ko a kan mai ƙarfi, ya fi jure zamani.

Dole a amsa wata suka mai nauyi: ba duk barkwancin da ya taɓo zamaninsa ne ke mutuwa ba. The Great Dictator na Chaplin na 1940 kai tsaye Hitler ya nufa, amma wurin da mai mulkin kama-karya ke rawa da balan-balan mai siffar duniya har ta fashe a hannunsa yana aiki ga wanda bai karanta tarihin Jamus ba. Dalili shi ne Chaplin ya bi ta kan mutum ɗaya ya kamo cutar girman kai, wadda ba ta da ƙasa. Haka Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Wasan ya fito ne daga rayuwar bariki ta zamanin mulkin soja, da Hausarsa mai gauraye da Turancin fareti, kuma Pategi tsohon soja ne da ya san abin daga ciki. Yaren barikin na iya tsufa, amma ƙaramin shugaban da ke tsawa ga na ƙasa ya kuma ƙame a gaban na sama yana kowace ma'aikata. Zamani na iya zama ƙofar shiga, muddin akwai ɗan Adam a cikin ɗakin.

Abin da ke damuna shi ne, muna iya yin wannan nazari a kan Chaplin cikin sauƙi saboda an adana finafinansa an gyara su, namu kuwa da dama suna kan kaset na bidiyo da faifan sidi da zafi da ƙura ke ci. Wasannin Samanja, da na Kasimu Yero, da na Karkuzu, da finafinan Ibro na farko, su ne hujjar da ɗaliban gobe za su buƙata don gane abin da ya ba Bahaushe dariya a ƙarshen ƙarni na 20. Ina kira ga sassan nazarin Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'inmu, da gidajen talabijin da ke riƙe da tsoffin kaset, da iyalan waɗannan 'yan wasa, su haɗa hannu a kwafe su zuwa na'urorin zamani, a rubuta shekarar kowanne da sunayen waɗanda suka fito a ciki, tun waɗanda suka san su suna raye.