Ranar da Kwamfutocin Maersk Suka Mutu

Ranar Talata, 27 ga Yuni, 2017, kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tun daga hedikwatarsa a ƙasar Denmak har tashoshinsa na Rotadam da Mumbai. Muguwar manhajar da ta haddasa hakan, wadda aka laƙaba wa suna NotPetya, ta kutso ne ta cikin M.E.Doc, manhajar lissafin haraji ta Yukren, da aka girka a ofishin kamfanin na Odesa. Daga baya Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin kan sojojin Rasha.

A lokacin, kusan ɗaya cikin kowace kwantena biyar da ke bisa teku Maersk ke ɗauke da ita. Tashoshin kamfanin 17 cikin 76 suka tsaya cik, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin ƙofa, ma'aikata suka koma ga biro da takarda da WhatsApp.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shigarsu sun goge gaba ɗaya, domin kowace ita ce madogarar 'yar'uwarta, ba a kuma ajiye kwafi a gefe ba. Sai dai guda ɗaya ta tsira, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso. Hannu da hannu aka kai bayananta Ingila. Cikin kwana 10 aka sake girka sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000. Asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

A ganina, an tafka kuskuren tun 2016. A shekarar masana tsaron kamfanin suka nemi a raba hanyoyin sadarwarsa gida-gida, don kada gobarar ɗaki guda ta cinye gidan. An amince, an ware kuɗi, amma ba a sa aikin cikin ma'aunin da ake duba ƙwazon manyan jami'ai da shi ba, sai ya kwanta. Wannan sakacin shugabanci ne, ba gazawar injiniyoyi ba.

Kwanaki kaɗan kafin harin, hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin da ya buƙaci kamfanonin jiragen ruwa su shigar da haɗarin kutse cikin tsarinsu na kiyaye lafiyar jirage. Sai daga Janairun 2021 masu bincike suka fara neman shaidar hakan.