"The Jean Genie": waƙar David Bowie da jita-jitar da ta bi ta

"The Jean Genie" waƙa ce ta mawaƙin Ingila David Bowie (1947-2016). Kamfanin RCA ya fitar da ita a ƙaramin faifai cikin watan Nuwamba 1972, sannan ta shiga kundin Aladdin Sane na 1973. Tana cikin salon glam rock, kiɗan da ya yi tashe a Ingila a farkon shekarun 1970, inda maza ke hawa dandali da kwalliyar fuska da tufafi masu ƙyalli. A New York aka naɗe ta lokacin rangadin Bowie a Amurka, Mick Ronson na kaɗa gita. Ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya.

Sunanta ne ya haifar da ce-ce-ku-ce. A Turanci "genie" aljani ne, irin na cikin fitila a tatsuniyoyin Larabawa, amma duk wanda ya yi karatu da Faransanci zai ji sunan ya yi kama da na Jean Genet (1910-1986), marubucin Faransa da ya sha ɗauri saboda sata, wanda kuma bai ɓoye cewa maza yake nema ba. Da yake a Janairun 1972 Bowie ya faɗa wa jaridar Melody Maker irin wannan magana game da kansa, sai wasu suka ce waƙar yabon Genet ce a fakaice.

Baitocin ba su goyi bayan haka sosai ba. Siffar wani hatsabibin ɗan birni ce kawai, babu kurkuku, babu Faransa. Bowie ya ce abokinsa Iggy Pop, mawaƙin Amurka, ya hango yana tsara ta, kuma ya yi ta ne don nishaɗantar da Cyrinda Foxe, matar da ta fito a bidiyon waƙar. Daga baya ya amsa cewa sunan wasa ne da na Genet, wasan da shi kansa ya ce bai ƙayatar ba. Wato masu jita-jitar sun canki sunan, sun kuskure ma'anar.

An kuma yi zargin satar kiɗa, domin "Block Buster!" ta ƙungiyar Sweet, ita ma daga RCA, ta fito makonni kaɗan bayanta da amon gita kusan iri ɗaya. Marubutanta sun ce katari ne, kuma ita ce ta hau matsayi na 1 a Janairun 1973.