Daga Nima zuwa Jidda: tafiyar shekaru da ta koma ta sa'o'i

Tsakanin filin jirgin saman Accra da na Jidda akwai kimanin kilomita 4,600 in an miƙe ta sararin sama. Jirgin fasinja na yau yana cinye wannan rata cikin sa'o'i shida ko kusa da haka. Agogon Saudiyya kuwa yana gaban na Ghana da sa'o'i uku, don haka maniyyacin da ya bar gida a Nima ko Maamobi da hantsi zai iske dare ya yi a can.

Kakannin mazauna waɗannan unguwanni da zango suke auna nisa, wato wurin da ayari ke yada kaya ya kwana. Daga wannan kalma sunan unguwannin baƙi na Ghana ya samo asali. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken goro suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra, kuma duk wanda ya yi niyyar Hajji a cikinsu sai ya fara komawa arewa. Ya bi ta Kano da Barno, ya ratsa Wadai ta Abeche, ya shiga Darfur ta El Fasher, sannan El Obeid da Khartoum, har Suakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa. Guzuri ba ya kai mutum wannan nisa. Yakan tsaya ya yi noma, ko ɗinki, ko koyar da allo, damina ta wuce, ya ƙara gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Gezira a 1925, da yawa sun yi ƙodago a can. Shi ya sa tafiyar kan ɗauki shekaru, mutum ya tashi da ƙuruciya ya dawo da iyali, wasu kuma suka zauna a Sudan ɗungurungum, zuriyarsu na nan har yanzu.

Hanyar sama ta farko ma sawun mahajjata ta bi. Daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi tana tura su Alƙahira. Da yake jiragen wancan zamani ba sa dogon tashi ba tare da shan mai ba, sai aka yanka musu zanguna: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Geneina, El Fasher, Khartoum. Tafiyar takan ci kwanaki. A shekarun yaƙin ne kuma filin Accra ya cika da jiragen soja, Nima da ke kusa da shi ta bunƙasa da masu neman aiki.

Bayan samun 'yancin kai a 1957, jirgi ya karɓe hanyar sannu a hankali. A 1981 aka buɗe filin Sarki Abdul'aziz a Jidda tare da zaurensa na alhazai mai rufi kamar tantuna, a 2016 kuma aka fara ɗaukar alhazai kai tsaye daga Tamale, mutanen arewa suka huta da gangarowa Accra. Yanzu wahalar ta koma ƙasa: tara kuɗin kujera, neman biza, da kwanan jira a sansanin alhazai na gefen filin jirgi, wanda sau da yawa ya fi tashin kansa tsawo.