Amsoshin Takardunku: Yadda Aka Samo Saitin Muryar Harmonika da Akodiyan

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Funtuwa, ya rubuto yana cewa ya saro abin busar nan da ake kira harmonika, amma masu saye suna dawo masa da shi, wai akwai muryoyin da babu su a ciki. Shin jabu aka sayar masa?

To malam, kwantar da hankalinka, haka aka ƙera ta tun asali. A cikin harmonika da akodiyan akwai 'yan harsunan ƙarfe sirara, iska ce ke kaɗa su su yi ƙara. Harmonika da baki ake hura ta, akodiyan kuwa da zugazugi irin na maƙera. Mutanen Sin sun daɗe da wannan dabara a abin busarsu mai suna sheng, kafin Turawa su ɗauka.

A shekarar 1829 wani mai suna Cyrill Demian ya yi wa akodiyan rajista a birnin Biyana. A 1857 kuma Matthias Hohner ya kafa masana'antar harmonika a garin Trossingen na Jamus.

Saitin da ya fi yaɗuwa shi ne na Richter: rami 10, harshe 20, kowane rami da muryar hurawa da ta zuƙa. An tsara ramukan farko ne domin in an haɗa su a busa ɗaya su dace da juna, saboda raka waƙoƙin gargajiyar Jamusawa. Shi ya sa aka tsallake wasu muryoyi a wajen.

Da ta isa Amurka, baƙaƙen fata masu kiɗan bulus suka gano yadda za su lanƙwasa muryar da harshe da maƙogwaro, su fito da abin da maƙerin bai sa ba. A 1952 Little Walter ya yi fice da busarsa mai suna Juke.

Gyaran muryar kuwa da magagari ake yi. In an goge bakin harshen sai murya ta ƙara siranta, in an goge gindinsa ta yi kauri. A akodiyan da gangan ake haɗa harshe biyu masu ɗan bambanci, don muryar ta riƙa karkarwa.

Saboda haka malam, ka yi wa masu saye wannan bayani, kada ka karyar da kayanka. Da fatan ka gamsu.